Neman shawara: yaya zan fitar da ± na gangaren layi a Excel?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shekarar farko a fannin fizik a Ngaundare. Mun yi gwajin lilo (ƙwallo rataye da zare) da tsawon zare kala takwas don mu auna g, ƙarfin jan ƙasa. Na zana T² a kan L, T lokacin kai-da-komo ɗaya, L kuma tsawon zare. Excel ya ja layi, gangara 4,05, R² kuma 0,999. Malam ya ce sai na rubuta g tare da tazarar rashin tabbas, zanen kuwa bai nuna ta ba. Ko R² ɗin zan sa? Ran Litinin za a karɓi rahoto.

Wata 'yar aji uku: Wa alaikumus salam ƙanena. Bar R², shi kusancin ɗigo da layi kawai yake nunawa. Zaɓi akwati huɗu, biyu sama biyu ƙasa, ka rubuta =DROITEREG(akwatunan T²;akwatunan L;VRAI;VRAI), ka danna Ctrl, Maj da Entrée tare. In Excel ɗinka na Turanci ne, sunansa LINEST. Sama hagu gangara ce, na ƙarƙashinta shi kake nema.

Mai tambaya: Yaya, ya ba ni 0,05. Na gode!

Wani malamin lise a Garwa: Madalla, saura ka kai shi kan g. Tunda g = 4π² raba da gangara, kashin kuskurensu ɗaya ne: 0,05 cikin 4,05 wajen kashi 1,2 cikin ɗari, ka sami 9,75 ± 0,12. Amma ɗigo takwas kaɗan ne, ɗana. In malaminku tabbacin kashi 95 yake so, ka ninka 0,12 ɗin da adadin da teburin ƙididdiga na Student ya bayar a layin 6 (ɗigo 8 − 2), wato 2,45, ka rubuta 9,7 ± 0,3. A yankinmu na kusa da Ikwaita g wajen 9,78 ne, ka ga kana ciki.

Wani daga Marwa: Ni dai tilasta layin nake yi ya bi ta sifili, ai haka lissafin ya ce.

Malamin lise: Ban goyi bayan haka ba. Ɗalibai da yawa suna auna zare zuwa saman ƙwallon, ba tsakiyarsa ba. Wannan kuskuren iri ɗaya ne a kowane awo, gusar da layin yake yi bai taɓa gangara ba. In ka tilasta sifili, ka tura kuskuren cikin g. Ɗana, duba akwatin sama na dama (ƙimar T² inda L yake sifili) da na ƙarƙashinsa (± ɗinsa): in na saman ya zarce ninki biyu na na ƙasan, koma ka sake duba awon zarenka kafin Litinin.