Muhawara: a gina sabon layi ko a sarrafa wutar da ke kan na da?

Mai buɗe zance: Jama'a, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da zarar layin dakon wuta ya cika sai a ce a gina wani, alhali wuta tana rarrabuwa ne gwargwadon turjiyar kowane layi, har wani ya ɗau zafi na kusa da shi bai ɗauki rabin kayansa ba. Sabuwar fasahar FACTS, wato na'urorin lantarki masu sarrafa yadda wuta ke bi ta layuka, tana magance wannan, domin idan aka jona kafasita (na'urar da ke tara caji) a jikin layi, tayirista (makunnin lantarki mai saurin gaske) na sarrafa ta, turjiyar za ta ragu, wuta ta karkata inda ake so kafin daƙiƙa ta cika.

Tsohon injiniya: Malam, "sabuwa" fa ka ce? Tun shekarun 1970 ake aiki da SVC, ɗaya daga cikin irin waɗannan na'urori, wajen daidaita ƙarfin wuta, kuma kafasitar da kake magana an kafa irinta a Kayenta, jihar Arizona ta Amurka, tun 1992.

Mai buɗe zance: Yallabai, ai idan aka kwatanta da tsohuwar taransifoma mai daidaita wuta da makunnin ƙarfe masu motsi, sabuwa ce.

Malamar jami'a: Ni ina bayan Malam. Narain Hingorani ne ya tsara tunanin FACTS a EPRI, cibiyar binciken lantarki ta Amurka, a ƙarshen shekarun 1980, kuma a harkar da layi ke shekara hamsin yana aiki, wannan jiya-jiya ne.

Tsohon injiniya: Hajiya, suna kawai ya raɗa. Laszlo Gyugyi ne ya fito da UPFC, na'urar FACTS mai sarrafa ƙarfin wuta da kwararta a lokaci guda, wadda aka fara kafawa a Inez, jihar Kentucky, a 1998, amma ku mutanen aji ba kwa ambatonsa.

Malamar jami'a: Yallabai, "mutanen aji" su ne suka koyar da ku, don haka a janye wannan kalma.

Wani ɗalibi: Ranku ya daɗe, ba wanda ya ce komai kan zafin waya, wanda na'urar ba ta ɗaga iyakarsa.

Mai kula da zaure: A taƙaice, an tabbatar fasahar ba sabuwa ba ce, kamar yadda Injiniya ya nuna da hujja. Ni dai a ganina HVDC, wato dakon wuta mai ƙarfi da ke kwarara ta fuska ɗaya, wanda aka fara aiki da shi a 1954 a tsibirin Gotland na Sweden, ya fi duk waɗannan iya sarrafa wuta, don haka shi za mu tattauna gobe.