Yaya maƙeran Nepal suke dasa dutse a jikin ƙarfe?

Maƙerin Zango: Assalamu alaikum. Ni maƙerin azurfa ne a Zango, nan Damagaram, zobba nake yi da abin wuya irin na Agadas. Wani mai sayen kayana ya turo mini hoton aikin Nepal, irin wanda suke ajiyewa a ɗakunan bautarsu: jan ƙarfe mai ruwan zinariya, an jera masa murjani da shuɗin dutse, ƙanana ƙanana, ba inda ya yi giɓi. Bautarsu tasu ce, ni hannun da ya yi aikin nake so in fahimta. Me ke riƙe duwatsun? Kuma yaya zinariyar ke kamawa haka?

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam, Malam. Aikin mutanen Newar ne na kwarin Katmandu, musamman garin Patan, inda zuri'ar Shakya suka gaji ƙira. Zubin bai bambanta da naku ba. Da kakin zuma ake fitar da siffa, a lulluɓe da yumɓu haɗe da kashin shanu da ɓuntun shinkafa, a narkar da kakin ya fita, a zuba ƙarfe a gurbinsa. Wani aikin kuma ba zubi ba ne, fallen ƙarfe ake bugawa ta baya har zanen ya taso. Kowane dutse da ɗan gidansa: a zaunar da shi, a lanƙwaso leɓen ƙarfen ya rungume shi. Sunan Newar ya yi nisa tun da daɗewa, don a ƙarni na 13 wani gwaninsu mai suna Araniko ya kai har fadar sarki Kublai Khan a Sin.

Baba Tsoho: Ɗana, zancen zinariyar nan nake so ka ji da kyau. Da zaiba suke dama ta, su shafa a jan ƙarfen, su gasa. Zaibar ta tashi hayaƙi, zinariya ta zauna, sannan a goge da dutse mai santsi har ta yi ƙyalli. Hayaƙin nan guba ne. Yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, yana sa hannu rawa, kuma maƙerin da hannunsa ke rawa ya gama sana'a. Ita ce zaibar da yaranmu ke ƙonawa a wuraren haƙar zinariya. Don Allah kada ka gwada ta a maƙerar da ke cikin gida, ga mata ga yara.

Maƙerin Zango: Na ji, Baba, Allah ya ƙara girma. Zaiba ba za ta shigo mini ba. Gidan dutsen zan fara gwadawa a kan azurfa, da murjanin da na samo a kasuwar Dole. Malam Ɗan Birni, leɓen nan tun a kakin ake fitar da shi, ko daga baya ake liƙa shi da wuta?