Neman gidan hutu mai karɓar kare da bahon ruwan ɗumi kusa da St Davids

Baban Amira, Birmingham:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san yammacin Wales, musamman yankin Pembrokeshire. Mahaifiyata za ta kawo mana ziyara daga Zariya, kuma muna so mu kai ta hutun mako guda a kusa da St Davids, ɗan ƙaramin birnin nan na bakin teku da ya yi suna saboda tsohuwar majami'arsa. Mu biyar ne, wato ni da mai ɗakina da yara biyu da Hajiya. Akwai kuma karen da mai ɗakina ta gada daga mahaifinta da ya rasu bara, wanda ya tsufa sosai, har ba ma jin za mu iya barin sa a gidan ajiyar karnuka na tsawon mako.

Abubuwa biyu nake nema a gida ɗaya. Na farko, gidan ya kasance yana karɓar kare, amma yana da wurin da za a keɓe shi, domin Hajiya ba ta saba zama da kare a cikin ɗaki ba, kuma ba na so hankalinta ya tashi game da wurin sallarta. Na biyu, ya kasance yana da babban bahon nan na ruwan ɗumi da ake girkawa a tsakar gida, domin tana fama da ciwon gwiwa, kuma na lura ruwan ɗumi yana sa ta ji sauƙi. Na duba tallace-tallace da yawa, kowane gida yana cewa yana maraba da karnuka, amma ban san abin da ya kamata in tambaya ba kafin in biya kafin alƙalami. Haka kuma muna tsakanin zaɓi biyu, ko mu je a watan Agusta, ko kuma mu jira hutun makaranta na ƙarshen Oktoba. Allah ya saka da alheri.

Maman Sadiq, Swansea:

Wa alaikumus salam Baban Amira. Allah ya kawo Hajiya lafiya. Mun je yankin sau uku tare da iyalin maƙwabciyata, waɗanda ba sa tafiya ko'ina sai da karnukansu biyu, don haka na ga abin daga ɓangaren mai kare da kuma ɓangaren wanda ba ya son kare ya taka masa darduma.

Abin da zan fara ja maka kunne a kai shi ne, maganar nan ta maraba da karnuka ba ma'ana ɗaya take da ita a wurin kowane mai gida ba. Wani yana nufin kare zai iya shiga ko'ina har kan kujera, wani yana nufin kicin da ƙasan bene kawai, wani kuma zai yarda da ƙaramin kare ɗaya amma ya ƙi babba. Yawanci akwai ƙarin kuɗi a kan kowane kare, kuma kusan kowane gida yana da sharaɗin cewa ba a barin kare shi kaɗai a ciki idan an fita. Wannan sharaɗin yana da nauyi, domin yana nufin duk inda za ku je, ko dai ku tafi da shi, ko wani ya zauna tare da shi.

Game da Hajiya kuwa, ka tuna cewa gidan da ya karɓi karenku ya karɓi na wasu kafin ku. A zuwanmu na farko mun sauka a wani gida mai kafet daga ƙofa har ɗakin kwana, kuma duk da an share shi, na yi ta tsintar gashin kare a jikin kafet ɗin har ranar da muka tashi, sai da na riƙa shimfiɗa zani biyu kafin in ɗora darduma. Tun daga ranar na daina kama gidan da ba daɓen dutse ko na katako ne a ƙasansa ba. Yawancin gidajen hutu na yankin tsofaffin rumbuna ne da ɗakunan gona da aka gyara, kuma da dama daga cikinsu suna da ɗan ɗaki a bakin ƙofar baya inda ake ajiye takalman gona da injin wanki. Wannan ɗakin shi ne ya fi dacewa da karenku, musamman idan yana da ƙofar da take rufuwa. Ka rubuta wa mai gidan ka tambaye shi kai tsaye ko akwai ɗakin kwanan da ba a taɓa barin kare ya shiga ba. Matsalar ita ce, ɗakunan da ake hana karnuka galibi a sama suke, alhali mai ciwon gwiwa ɗakin ƙasa take buƙata, kuma benen irin waɗannan tsofaffin gidaje yana da tsayi da ƙunci. Gidan da ya haɗa ɗakin ƙasa da dokar hana kare shiga ɗakunan kwana shi ne naku, ko da ya ɗan yi nisa da gari.

Ka kuma nemi hoton shingen tsakar gida. Wasu shingayen tudun ƙasa ne da duwatsu, irin na gonakin yankin, wanda kare zai haye cikin sauƙi ya faɗa cikin tumakin maƙwabta.

Abu Hanif, Cardiff:

Sannu da ƙoƙari Baban Amira, Allah ya ba ka ladan kula da mahaifiya. Ni zan yi magana a kan bahon, domin nan ne na ga mutane suka fi yin sakaci.

Ruwan irin wannan baho ana riƙe shi ne tsakanin digiri 37 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma bai kamata ya wuce 40 ba. Ga dattijuwa, gara a sauke shi zuwa 37, ta zauna kamar minti goma sha biyar, sannan ta fito a hankali da wani a kusa da ita, saboda zafin yana buɗe jijiyoyin jini, jinin ya sauka, mutum ya ji jiri idan ya miƙe da sauri. Idan Hajiya tana da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ciwon suga, to a tambayi likita kafin tafiyar, kuma kada ta shiga idan tana da rauni a ƙafa. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar ba a so su shiga, manyan ma kada a bar su su kaɗai. Karen kuwa ko kusa kada ya shiga, domin zafin da sinadarin da ke cikin ruwan duk suna cutar da shi, don haka a riƙa rufe murfin da zarar an fito.

Batun tsafta ma ya kamata ka tambaya ba tare da jin nauyi ba. Ruwan ɗumi da yake tsaye wuri ne da ƙwayoyin cuta suke son zama, ciki har da wadda take haddasa cutar huhu ta Legionnaires, shi ya sa hukumar kula da lafiya da kariya a wuraren aiki ta Birtaniya take da ƙa'idoji na musamman ga masu ba da hayar gida da irin wannan baho. Mai gidan kirki zai zubar da ruwan ya sake sabo tsakanin baƙi da baƙi, ya kuma riƙa auna sinadarin kilorin ko buromin a kai a kai. Wannan yana nufin abu biyu. Ranar da kuka isa ruwan ba lallai ne ya gama ɗumi ba sai washegari, sannan wani zai riƙa shigowa tsakar gidan don aunawa, saboda haka ka tambayi lokacin zuwansa, kada ya zo Hajiya tana ciki.

Wannan ya kawo ni ga sutura, wadda hotunan talla ba sa nunawa. Gonaki da yawa sun mayar da ɗakuna uku ko huɗu gidajen haya a farfajiya ɗaya, ta yadda tagar maƙwabci tana kallon bahonka. Ka tabbatar naku na ku kaɗai ne, kuma a kewaye yake. Sannan ka duba yadda ake shiga. Wanda ake hura wa itace yakan yi zurfi, bakinsa da tsayi, kuma zafinsa ba ya daidaituwa yadda ake so. Mai aiki da lantarki, mai matakala da abin riƙewa, shi ya fi dacewa da mai ciwon gwiwa.

Kawu Ɗanladi, Bristol:

Ɗana Baban Amira, a kan lokacin tafiya, ni Oktoba zan zaɓa saboda karen. Bakin tekun Whitesands, wanda shi ne mafi shahara a kusa da St Davids, an hana kai karnuka cikinsa daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba, kuma a Newgale ma akwai sashen da ake hana su a daidai wannan lokacin. A Agusta gidaje sun fi tsada, yawancinsu ba sa karɓar ƙasa da mako cikakke, kuma ƙananan hanyoyin ƙauyukan suna cika da motoci. A ƙarshen Oktoba kuwa an ɗage hanin, rairayin ya zama na kowa. Sai dai akwai iska da ruwan sama, rana tana faɗuwa da wuri, kuma wadda ta fito daga Zariya za ta ji sanyin a ƙashinta, don haka ka nemi gida mai ɗumama ta zamani, kada ka dogara da murhun itace kaɗai.

Hanyar ƙafa ta bakin tekun Pembrokeshire, mai tsawon mil 186, ta zagaye yankin St Davids, tana bi ta Solva da Caerfai da Porthclais har Abereiddy da Porthgain. Wurare da yawa a kanta gaɓa ce mai zurfi a gefe ɗaya, makiyaya a ɗaya gefen. A riƙe karen da igiya, domin doka ta ɗauki korar tumaki a matsayin laifi tun 1953. Lokacin kaka kuma shi ne lokacin haihuwar dabbobin tekun nan da Turawa ke kira seal a ƙananan lungunan gaɓar, kuma uwa takan gudu ta bar ɗanta idan aka firgita ta. Tsibirin Ramsey, da ake zuwa da kwalekwale daga St Justinian's, wurin kiyaye tsuntsaye ne, ba a sauka da kare a kansa. Ka tabbatar ƙwayar shaidar da ake dasa wa kare a ƙarƙashin fata, wato microchip, an yi mata rajista da adireshinku na yanzu, tun da ta zama dole daga 2016, kuma akwai sunanku da adireshinku a abin wuyansa.

Shi kansa St Davids shi ne birni mafi ƙanƙanta a Birtaniya, mutanensa ba su kai dubu biyu ba, don haka kada ka ƙuntata nemanka a cikin garin. Gidaje masu fili da baho sun fi yawa a gonakin kewaye da wajen Solva. Majami'ar, wadda aka fara ginin da ake gani yanzu a 1181, a cikin kwari take a bakin rafin Alun, kuma daga tsakiyar gari ana sauka ne ta matakala 39. Kada ka bi da Hajiya ta nan, ku zagaya da mota ku shiga ta ƙasa. Manyan kantuna da tashar jirgin ƙasa suna Haverfordwest, kimanin mil 16 ta hanyar A487, don haka ku yi cefane a can kafin ku ƙarasa, naman halal kuwa ku taho da shi daga Birmingham.

Game da zuciyar Hajiya, ka sanar da ita batun karen tun tana gida, kada ta iso ta tarar. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma sabo yana da ƙarfi, kuma haƙƙinta ne ta sami ɗakin da za ta yi ibada hankali kwance.

Baban Amira, Birmingham:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kawu, na yi waya da Hajiya jiya na faɗa mata komai, ta ce ba ta da damuwa muddin karen ba zai shiga ɗakinta ba, kuma ba zai kusanci kwanukan abinci ba. Mun tsayar da ƙarshen Oktoba. Na rubuta wa gidaje uku tambayoyin da kuka lissafa, biyu sun amsa. Ɗaya yana kusa da Solva, gidan ƙasa ne ba bene, da daɓen dutse da ɗakin baya mai ƙofa, kuma ba a barin kare a ɗakunan kwana, amma bahonsa na itace ne. Ɗayan yana kan hanyar Whitesands, bahonsa na lantarki ne a kewaye da katako, sai dai duk ɗakunan kwanansa a sama suke. Na fi karkata ga na Solva, domin Hajiya za ta kwana bakwai a ɗakin, baho kuwa na 'yan mintuna ne. Malam Abu Hanif, na roƙi mai gidan ya auna mini tsayin bakin bahon da zurfinsa, ya kuma gaya mini ko akwai ma'aunin zafi a jikinsa. Da zarar ya turo zan sanya alƙaluman a nan, ka duba mini ko mai ciwon gwiwa za ta iya shiga da fita lafiya.