Ɗan ɗakinmu ya sa min baki a wasan ces, za su rufe min akawun?

Ɗan Sharafiyya: Salam 'yan uwa, don Allah shawara. Ni direba ne a Jidda, kafilina baya barina in huta sai bayan isha'i shi yasa nake buga ces na Chess.com irin na kwana uku kowane motsi, tun ina Kano nake bugawa, a shagon wani ɗan uwan babana na koya. To jiya muna shan shayi wani Basudane da muke ɗaki ɗaya ya leƙo wayata yace kai ka ture dokin nan mana wazirinsa zai faɗi. Na tura. Yanzu abokin karawar ya rubuto wai zai kai ƙarata. Ya zan yi?

Baban Hanifa: Malam ka taka doka, magana ɗaya ce. A wasan kwanaki an yarda ka duba littafin buɗe wasa da tsofaffin wasanni, amma manhajar kwamfuta mai buga ces irin Stockfish ko bakin wani mutum haramun ne har wasan ya ƙare. Ka sallama masa kawai.

Ɗan Sharafiyya: Ai ban tambaye shi ba yaya, kuma wallahi nima na hango dokin

Baban Hanifa: Ka hango me ya hana ka turawa tun shekaranjiya? Sau nawa ma ya sa maka baki? Baka faɗa ba.

Na Shari Mansur: Kar ka sallama komai. Motsi ɗaya ba ya sa a kama mutum, wasanni da yawa suke dubawa. Ni wani a Lichess, wani shafin ces, yaci min giwa da sojoji biyu, kowane motsi daƙiƙa bakwai cif kamar agogo, na kai ƙara har yau yana nan yana bugawa, ni kuma makina sun tafi.

Baban Hanifa: A kama ko kar a kama, amana ce. Hans Niemann, ɗan wasan ces na Amurka, da bakinsa yace ya yi maguɗi a intanet yana shekara 12 da 16, kuma abin ya biyo shi har 2022 da Carlsen, zakaran ces na duniya a lokacin, ya fice daga gasar Sinquefield.

Maman Sultan: Ku dai maza, nawa mijin har tuwo ya huce yana kallon allon nan. Ka nemi canjaras ku rabu lafiya ɗana.

Ɗan Sharafiyya: Canjaras kuma Hajiya, ina gaba da waziri guda? Lokacina yana tafiya fa