Neman shawara: an gayyaci ƙanwata sansanin ƴan mata a Yamai, Baffa ya ce ba inda za ta

Yayar ɗaliba, Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah ku taimaka mini da shawara, lokaci ya kusa ƙure mini.

Ƙanwata shekarunta 16, ta ci BEPC (jarrabawar ƙarshen kwaleji) bana, kuma lissafi ne gwanintarta. Malamarsu ta kai sunanta ga wata ƙungiya mai shirya sansanin ƴan mata na mako biyu a Yamai cikin wannan babban hutu. Takardar gayyata ta ce za a koya musu kwamfuta da magana gaban jama'a da kula da lafiya, a ƙarshe kuma a zaɓi wasu a ɗauki nauyin karatunsu na lise, matakin da ke bin kwaleji. Mota da abinci da makwanci duk nasu ne. Takardar tana cikin littafinta, ta naɗe ta gida huɗu, kullum sai ta buɗe ta sake karantawa har gefen ya fara cinyewa.

Babanmu yana Abijan wajen biɗa, Baffa ne ke riƙe da gida. Da na kai masa maganar bayan la'asar ko takardar bai karɓa ba. Ya ce ƴa mace ba ta kwana a garin da ba ta da kowa, kuma bai san mutanen nan ba, bai san abin da za su cusa mata ba. Ya ƙara da cewa akwai wanda ya turo magabatansa a kanta. Inna tana so ta je, amma ba ta iya ja da yayan mijinta.

Ni daga aji biyu na kwaleji aka cire ni aka yi mini aure, na san abin da ya wuce ni. Yaya zan tabbatar ƙungiyar ta gaskiya ce? Kuma ta wace ƙofa zan shigar wa Baffa ba tare da an ce na yi rashin kunya ba? Wata ƙawata ta ce in saka ta mota kawai, daga baya a ba shi haƙuri.

Malamar kwaleji, Ƙonni:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Shawarar ƙawarki ki ajiye ta. In kika saka yarinyar mota a ɓoye, mako biyu za ta yi ta dawo cikin gidan da ya riga ya yanke cewa boko ya koya mata satar hanya, kuma Oktoba ba za ta ga ƙofar lise ba.

Ki fara da malamar da ta kai sunanta. Ki je da ƙafarki, ku tafi tare wurin daraktan makarantar, ki tambaye shi ko gayyatar ta biyo ta ofishin ilimi na jiha. Duk ƙungiyar da ke aiki a ƙasar nan tana da takardar izini daga ma'aikatar cikin gida, kuma tun 2023 hukuma ta ƙara sa ido, har an janye wa wasu izini. Ki ce su turo miki hoton tasu. Sannan ki tambayi ainihin ginin da yaran za su kwana da unguwar da yake, wace mace ce za ta kwana tare da su, wa zai rako ƴan Tawa a mota, kuma in yarinya ta yi zazzaɓi cikin dare wa ke kai ta likita. Tafiyar ta haura kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, don haka ki tabbatar tafiyar rana ce. Mai gaskiya ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi.

Maman Tagwaye:
Kuma ko dala kada ki tura. Bara wasu suka kira ni wai an zaɓi ɗiyata, in tura jika 15 kuɗin buɗe dosiye ta waya. Na sayar da akuyata na tura, lambar ta daina shiga. In suka ce komai nasu ne sannan suka nemi kuɗin takarda, to ki san da wa kike.

Dattijo daga Keita:
Ɗiyata, bari in yi magana a madadin baffanki tunda ba ya nan. Amana aka bar masa. In wani abu ya sami yarinyar nan a Yamai, ba ke ƙanensa zai tambaya ba, shi zai tambaya. Tsoron nan nasa ba jahilci ba ne.

Amma ki tuna masa zamanin Samariya, lokacin marigayi Kountché. Duk shekara ana bikin matasa na ƙasa, ana kwasar samari da ƴan mata daga nan Adar zuwa wata jiha su yi kwanaki. Iyayenmu sun fi na yanzu tsanani, amma sun bari, don sun san sarkin samari, sun san uwar da ke tafiya da ƴan matan, sun san gidanta. Abin da ya rasa ke nan yanzu, fuskar da ya sani.

Kada ki sake kai masa maganar da kanki, ke ɗiya ce a wurinsa. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, limamin masallacinsu ko wani abokin zamansa, su je tare da darakta. Babanku kuma ya kira shi daga Abijan, ba don ya ba shi umarni ba, ya ce masa ya yarda in shi ma ya yarda. In akwai wata gwaggo a Yamai da za ta riƙa leƙa yarinyar, a ambaci sunanta tun a zaman farko.

Ɗaliba a jami'ar Abdou Moumouni:
Yaya, ni ƴar Buza ce, kuma irin wannan sansani na je bayan na ci BEPC. A can na fara ɗora hannu kan kwamfuta, hannuna yana rawa don kada in ɓata musu ita. A can kuma na fara ganin mace injiniya mai jin Hausa irin tamu, da hijabinta, tana ba mu labarin karatunta a EMIG, makarantar injiniyoyi ta Yamai. Kafin ranar, aikin mace a kaina bai wuce malama ko ungozoma ba. Ina roƙonki ki dage.

Sai dai maganar burs ɗin nan, wato ɗaukar nauyin karatun, a bincika ta da kyau. Yara nawa za a gayyata, nawa za a ɗauka? Shekara ɗaya ce ko har bak, jarrabawar ƙarshen lise? Kuɗin makaranta kaɗai ko har littattafai da abin hawa? A ba ku a rubuce. Kada a sa mata rai ta dawo tana ganin in ba a zaɓe ta ba ta faɗi. Tunda tana da lissafi ta shiga ɓangaren C na lissafi da kimiyya a lise, domin manyan ƙofofin suna bayan bak: hukumar ANAB ke kula da burs na gwamnati, ta nan kuma ake bi da guraben da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ke bayarwa. Na Turkiyya ta intanet ake nema a farkon shekara, kuma kyauta ne. Duk maki da shekaru suke dubawa, shi ya sa shekara ɗaya da yarinya ta zauna gida tana iya rufe mata ƙofa.

Baban Yara, Illela:
Ni dai ban ga abin da mako biyu zai canja ba. Kuma wannan "kula da lafiya" ina da tambaya a kai. Me za a gaya wa yarinyar da ba ta yi aure ba?

Ungozoma, Tawa:
Malam, tambayarka tana kan hanya, kuma amsarta mai sauƙi ce: a nemi jadawalin darussan a karanta wa Baffa da Hausa. Amma in gaya maka abin da nake gani a wurin aiki. Yarinya ta fara al'ada ba wanda ya taɓa yi mata bayani, ta ɓoye tsumma tana kuka, ta bar zuwa aji kwana biyar duk wata. Wata kuma a kawo mana ita tana naƙuda kwana biyu, ƙugunta bai gama girma ba, daga nan sai yoyon fitsari. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. Sanin jikinta ba ya lalata ɗiya.

Yayar ɗaliba, Tawa:
Allah ya saka muku da alheri. Na je wurin darakta da safe, ya nuna mini wasiƙar da hatimin ofishin ilimi, kuma malamar tasu ce da kanta za ta raka yara huɗu daga makarantar. Ba su nemi kuɗi ba. Ya yarda zai je wurin Baffa ranar Juma'a. Saura maganar mai neman auren, ita ta fi hana ni barci.

Shugabar asusun mata, Madawa:
To yanzu kika zo wurin. Sansani zai ƙare, a yi hotuna a watse, yarinya ta dawo tsakar gida ɗaya da tulu ɗaya. Abin da ke riƙe ɗiya a lakwal shi ne matan da ke ganinta kowane mako.

Mu a unguwarmu muna da Mata Masu Dubara, tsarin asusun mata da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991. Duk Laraba mu shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin dogon yaro, a fito da akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, kowane makulli a hannun mace daban. A kira suna, kowa ta ajiye dala hamsin ɗinta a faranti a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi. Muka ware wani gwangwani daban na ƴan lakwal. Daga ciki muke sayen littafi da takalmi da sabulu, don abin da ke sa uba ya ce a aurar da ita sau da yawa jika biyar ce ta gagare shi a watan Oktoba, lokacin da hatsi bai shigo hannu ba. Ƴan matan ma mun haɗa su, Asabar da yamma manya suna yi wa ƙanana bitar darasi a zauren wata daga cikinmu. In wata ta yi fashi sau biyu, mata uku ne za su yi sallama a gidansu, kuma namiji yana jin kunyar mata uku sa'o'in uwarsa.

Ki sa Inna ta shiga irin wannan asusu in akwai a unguwarku, ta kuma shiga ƙungiyar iyaye mata ta makarantar. Ga ƙannenku da ba su samu shiga aji ba, ku tambaya ko akwai shirin Illimin kusa da ku, wanda gwamnati da UNFPA, wata hukuma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka fara a 2013 don ƴan mata masu shekara 10 zuwa 19.

Malamar kwaleji, Ƙonni:
Kan maganar auren, akwai dokar gwamnati ta watan Disamba 2017 mai kare karatun ƴa mace, kuma darakta ya san ta. Amma kada a buɗe zaman Juma'a da ita, in Baffa ya ji kamar ana yi masa barazana da hukuma zai ƙara taurin kai. A roƙi abu ɗaya a ranar, tafiyar. Auren a bar wa liman ya ɗauko shi daga baya, ya tuna masa cewa budurwa ana neman yardarta, ya kuma nemi a gaya wa masu nema su jira ta yi bak. Mai sonta da gaske shekara uku ba za ta kore shi ba.

Kafin Juma'ar ki nemo takardar haihuwarta da sakamakon BEPC ki yi kwafi. Za kuma a buƙaci takardar amincewar iyaye, ki bar wurin sa hannun fili, Baffa ne zai sa, ba ke ba kuma ba Inna ba. Lambar wayarsa ita za a ba malamar, ta kira shi da kanta in sun sauka Yamai.