Tambaya kan tsohuwar mahaƙar duwatsu ta Tura

Ɗalibin Ƙasa: Salamu alaikum malamai. A tsaunukan Mukaddam, kudu maso gabas da Alƙahira, me ya sa mutanen dā suka haƙa ramuka cikin tsaunin Tura maimakon su fasa dutsen da ke sama?

Malam Mai Guduma: Wa alaikumus salam. Dutsen farar ƙasa ne, ya kwanta a gindin teku shekaru kusan miliyan 45 da suka wuce, shi ya sa ake ganin ƙwanson halittun ruwa a jikinsa, masu kama da sulalla. Hawa-hawa yake kwance, kuma ba duka ke da kyau ba. Na sama ya sha rana da gishiri, yana rugurgujewa. Hawan da suke nema fari ne tas, mai laushin ƙwaya, yana can ciki. Sai suka bi shi da kurfi na tagulla, suna barin ginshiƙai su riƙe rufin. Da shi aka lulluɓe dalar Giza.

Hajiya Injiniya: Ƙari, ɗana: don gane irin dutsen, ka ɗiga masa ruwan asid da ake kira HCl (hydrochloric), mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari. In ya yi kumfa nan take, dutsen farar ƙasa ne. Dolomait, wani dutse mai kama da shi, sai an niƙa shi tukuna yake kumfa.

Malam Mai Guduma: Hajiya, a faɗa masa haɗarin ma. Akwai laka tsakanin hawan. Ruwa ya shige ta, ta kumbura, dutsen sama ya zame. Haka ta faru a unguwar Duwaiƙa da ke gindin tsaunukan Mukaddam a Satumbar 2008, mutum fiye da 100 suka rasu. Kada ka tsaya ƙarƙashin gaɓar da ta tsage.