Fatar mamaci da tantanin mabiyiya a kan ƙuna da gyambo: ina amfaninsu tunda jiki ba ya riƙe su?

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum. Don Allah masana a warware mini wannan. Ana ɗora wa mai ƙuna fatar da aka ciro daga jikin mamaci, alhali an san garkuwar jikinsa za ta ture ta. To wahalar ta mece ce? Shi kuma tantanin mabiyiya da ake sa wa gyambon masu ciwon suga, aikinsu ɗaya ne?

Likitan Ƙuna:
Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Ai ba don ta zauna ake sa ta ba, riƙon ƙwarya take yi. Wanda wuta ta ci rabin jikinsa ba shi da lafiyayyar fatar da za ta isa a rufe shi lokaci guda, kuma inda aka yanko sai ya yi wajen mako biyu kafin a iya komawa. Kafin nan miki a buɗe yake: ruwa da furotin na tsiyayewa, ɗumin jiki na fita, ƙwayoyin cuta na shiga. Wannan ƙofar ake toshewa. Bayan mako biyu zuwa uku jiki ya fara ture ta, wani lokaci ta fi haka daɗewa domin babbar ƙuna tana raunana garkuwa. Sai a ɗaye, a dasa tasa.

Aikin kuwa: a kankare mataccen nama har lafiyayye mai jini ya bayyana, a tsayar da jinin tsaf, a yi wa fatar ƙananan huji ta zama kamar raga don ruwa ya samu mafita, a ɗinke bakinta, a naɗe da bandeji yadda ba za ta motsa ba. Yawanci bayan kwana uku zuwa biyar ake buɗewa. In ta ƙi kamawa, duba jinin da ya taru a ƙarƙashi, ko gogayya wajen juya mara lafiya, ko mugunya, ko ruɓaɓɓen naman da aka bari. Ƙin kamawar ma labari ne: wurin bai shirya ba, kada a ɓata fatar shi mara lafiyan a kansa.

Ma'aikacin Ma'ajiyar Fata:
Ƙari kan bayanin Likita. Ana cire fatar cikin awa 24 da rasuwa in gawar na cikin sanyi, daga baya da cinyoyi, siririya ƙwarai, ba ta kai rabin milimita ba. Sai da yardar mamacin tun yana raye ko ta magadansa, kuma sai an gwada jini: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere.

Ajiya iri biyu ce. Ko a daskarar da ita a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili ko wanda ya fi haka sanyi, ƙwayoyin halittarta su rayu, ta fi kamawa. Ko a jiƙa ta a gilisarin mai ƙarfin kashi 85 cikin 100, hanyar da ma'ajiyar fata ta Beverwijk a ƙasar Holan ta yi suna da ita. Wannan ta mutu, amma firiji na gida ya ishe ta, abin da ya fi dacewa da inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawar wanki. Sai an ɗauraye ta a ruwan gishirin asibiti ana sauya ruwan har ta yi laushi, in ba haka ba gilisarin ya tsotse ruwan mikin.

Malamar Jinya Mai Kula da Gyambo:
Ƙanwata, tantanin daban yake. Shi ne shimfiɗar ciki ta faya, kuma tun 1910 likita John Staige Davis na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya gwada shi a kan miki. Ba ya kamawa kamar fata, narkewa yake yi, shi ya sa ake sake sabo duk mako ɗaya ko biyu. Yana rage kumburi da raɗaɗi, garkuwar jiki ba ta cika faɗa da shi ba, har a ido ake sa shi. Daga haihuwar tiyata da aka tsara ake karɓa, don wanda ya biyo hanyar haihuwa ya kwaso ƙwayoyin cuta. Uwar ce ke ba da izini, kuma a wurinmu da ake binne mabiyiya dole a yi mata bayani filla-filla tun kafin ranar.

Amma gyambon suga ba da shi ake farawa ba. A fara tabbatar jini na kaiwa ƙafar, a kankare kanta da mataccen nama, a kashe cutar da ta shiga, a hana taka wurin, a daidaita suga. In an yi mako huɗu ana haka faɗin mikin bai ragu da rabi ba, sannan a yi maganarsa.

Ɗalibar Jinya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. In dangi suka tambayi halaccinsa fa?

Likitan Ƙuna:
Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗauka daga mamaci in akwai larura da izini, ban da sayarwa. Dokar Lafiya ta Najeriya ta 2014 ma ta hana cinikin sassan jiki. Ki gaya musu wannan, ki kuma ba su damar tuntuɓar malaminsu kafin su sa hannu a takarda.